Baƙon da Ya Cika Ladabi

Ranar da Yaya ya dawo gida, Inna ta dube shi tun daga hula har takalmi, ta jawo mayafi ta gyara zama, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa ake nema?"

Ni dai na sha gaya masa a waya. Na ce Yaya, tsufa ya taɓa tunanin Inna, abin da ta sani da safe kafin yamma ya zube. Ya ce in daina tayar wa mutane da hankali, wace uwa ce za ta manta ɗan farinta? To ga shi nan, gani ya kori ji. Yana durƙushe a gabanta da ƙaton tumbinsa da gilashin idonsa, baki buɗe, ita kuma tana tambayarsa ko ya sha hanya.

Ni ce auta a gidanmu, tela ce, keken ɗinkina a falo yake kusa da taga, kuma ni nake zaune da Inna tun rasuwar Baba. Ni kam ba ta manta ni ba, ina ma za ta manta, kullum sai mun yi faɗa a kan shan magani. Yaya shi injiniya ne a wata ƙasa mai nisan tsiya, inda sai ka hau jirgi ka sauka ka sake hawa wani. Ya yi shekaru bai zo ba. Hutun da aka ba shi ɗan kaɗan ne, kuma likita ya riga ya gaya mana cewa ciwon nan gaba yake yi, ba ya komawa baya. In Inna ba ta gane shi a wannan zuwan ba, babu wanda ya isa ya yi masa alkawarin wani.

Ya buɗe akwati ya fara zube mata tsaraba. Bargo mai laushi, turare, takalmi irin na masu ciwon ƙafa. Duk abin da zai miƙa da hannu biyu yake miƙawa, kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman aiki. Inna ta ji daɗi ƙwarai.

"Allah ya yi wa iyayenka albarka," in ji ta. "Sun iya tarbiyya."

Sai ta karkato wajena ta yi irin raɗar nan tata da ake ji har bakin titi. "Auta, wannan mai tumbin wurinki ya zo? Kar ki yarda. Ya cika iyayi."

"Inna, Yaya ne fa. Ɗanki."

Ta sake dubansa, ta yi dariya har da tafa hannu. "Ɗana? Ɗana siriri ne kamar tsinke. Wannan sai dai in haɗiye min ɗan ya yi."

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Da na juya na ga idon Yaya ya kaɗa ya yi ja, sai na daina dariyar. Na ji tausayinsa, duk da haushinsa da na daɗe ina ji na barina da jinya ni kaɗai.

Amma Yaya ba ya zama da matsala, sai ya kwance ta ya ga cikinta. Ya kwana yana latsa waya, da safe ya fito ya sanar da ni cewa masana sun ce tsofaffin kaya da tsofaffin wurare suna farkar da tunani. Ya shiga kasuwa ya wuni. Da yamma sai ga shi da rediyo irin ta Baba mai murɗawa, da kwanukan tasa masu fulawa, da fitilar ƙwai, da wani agogon bango da ya mutu tun kafin a haife ni. Ya jera su a gaban Inna, ya koma gefe ya harɗe hannu yana jira.

Inna ta ɗaga kwano ɗaya ta duba gindinsa, ta ajiye. "Ashe gwanjo kake sayarwa, Malam. Allah ya kawo kasuwa. Mu dai ba ma saye."

Na ce Yaya ka haƙura. Ya ce ai kaya ba su isa ba, wurin ake so. Gobe za mu kai ta tsohon gidanmu.

Tsohon gidan nan na haya ne, bayan tashar mota, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida. A nan aka haife mu duka. Tun da muka tashi ban sake taka unguwar ba, don ban bar komai a can ba. Yaya kuwa tun da muka shiga tasi yake waƙar gidan. Wai babu inda iska take da daɗi kamar bakin ƙofarmu. Wai ƙarar ruwan sama a kan kwanon ɗakin har yanzu yana jin ta a mafarki.

"Ruwan da yake zuba a kan katifata?" na ce. "Ko ka manta ni ake kwantarwa a saitin ramin? Gidan da kuɗin cizo suka fi masu haya yawa? Gidan da in kana son banɗaki da safe sai ka kama layi tun jiya?"

"Ke ba ki san daɗin abu ba."

"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Direban tasi ya ce wallahi gaskiyar Hajiya. Yaya ya ce masa ya kula da titi.

Muka sauka a bakin lungun. Tashar tana nan, kwatar tana nan da warinta, har sandar lantarkin da ta karkace tana nan ba ta faɗi ba. Gidan ne dai ya zama wani abu daban. An rushe bangayen ɗakunan an haɗe su, an rufe tsakar gidan da kwano, an kafa allo a sama: wurin motsa jiki. Kiɗa yana tashi kamar zai fasa ƙirji.

Mai wurin ya fito, wani saurayi mai wuya kamar turmi. Ya dubi cikin Yaya ya washe baki. "Yallaɓai, ka zo a kan lokaci. Irin naka muna sauke shi, in dai za ka jure."

Yaya ya haɗiye wannan, ya yi masa bayani. Saurayin mutumin kirki ne, ya rage kiɗa, ya ce mu shiga mu duba yadda muke so. Muka shiga da Inna a tsakiya, ina riƙe da hannunta. Ko'ina madubi, ko'ina ƙatti babu riga suna ɗaga ƙarfe suna nishi kamar masu naƙuda.

Yaya ya shiga auna ƙasa da ƙafa daga bakin ƙofa, yana lissafi da yatsu. Ya je ya tsaya gaban wata na'ura mai bel yana juyawa, wani mutum a kai yana sharara gudu, gumi yana ɗiga.

"Inna, nan ne! Nan gadonki yake. Nan kike zama kina yi wa Auta kitso. Kin tuna?"

Inna ba shi take kallo ba. Mai gudun take kallo, fuskarta cike da tausayi.

"Bawan Allah," ta ce, "wa ya biyo ka?"

Mutumin ya ce wasa jini yake, Mama.

"Sauko ka huta. Tun ɗazu kake gudu ko ƙofa ba ka kai ba."

Ƙattin nan suka ajiye ƙarafa suna dariya. Yaya bai karaya ba, ya ja mu wani lungu ya ce nan tagarmu take, ta nan muke leƙen motoci. Na ce ba nan ba ne, taga tana ɗaya gefen, nan ai ɗakin mai gyaran takalmi ne. Ya ce shi injiniya ne. Na ce ni kuma ni nake share tagar. Mai wurin ya ce shi dai da ya karɓi ginin babu taga ko ɗaya a ɓangaren nan gaba ɗaya.

Na ga Yaya ya je ya ɗora tafin hannu a kan bango, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe, sai ya dawo kusa da ni ya ce a hankali, "Auta, ni kaina ban ji komai ba. Bango ne kawai."

A hanyar komawa ya zauna gaba kusa da direba. Inna ce ta taɓa kafaɗarsa daga baya. "Malam, an gode da yawo. Amma in gidan masu taɓin hankali za ka kai mutane, ka riƙa faɗa tun daga gida."

Muka iso da rana tsaka. Yaya ko karyawa bai yi ba saboda zumuɗin tafiyar. Ya shige ɗaki jiki a sanyaye. Na zaunar da Inna a kujerarta, na hau keke, don akwai rigar wata mata da na yi wa alkawari tun makon jiya. Na hango shi ya fito daga shi sai singileti da gajeren wando, babu hula babu gilashi, ya wuce kicin. Tun da ya zo a tebur yake cin abinci da cokali, yana cewa sannu da aiki. Yau kam yunwa da baƙin ciki sun cire masa wannan.

Ina cikin taka keke ban lura Inna ta tashi ba. Sai dai na ji ɗas! Sannan na ji murya, wata murya mai ƙarfi da na yi shekaru ban ji ta fito daga bakinta ba.

"Ɓera! Don ubanka cire hannunka daga tukunyar nan!"

Na ruga. Yaya yana tsaye gaban murhu, murfin tukunya a hannun hagu, yatsun dama sharkaf da miya, tsoka guda a baki rabi a ciki rabi a waje. Sabon takalmin masu ciwon ƙafar nan yana ƙasa, shatinsa kuma yana ƙeyarsa. Inna tana bakin ƙofa ta riga ta cire na biyun.

"Naman babanku ne! Mutum yana can yana shan rana, kai kana nan kana yi min sata a tsaye kamar akuya! Sau nawa zan gaya maka?"

Ɓera. Ita kaɗai take kiransa haka, saboda yana yaro babu tukunya ko gwangwanin madara da ya tsira daga hannunsa. Rabon da in ji sunan nan tun ina firamare.

Yaya ya haɗiye naman ko taunawa bai yi ba. Ya goge hannu a wando, ya zube ƙasa a gabanta, hawaye shaɓe-shaɓe, ya sunkuyar da kai. "Inna! Inna, kin gane ni? Allah ya ƙara miki lafiya, Allah ya ja da ranki."

Ta tsaya tana kallonsa. Takalmin ya sauka a hankali. Ta gyara mayafi.

"Subhanallahi. Malam, ina rigarka? Auta, wane irin rashin hankali ne wannan, kin bar baƙo da yunwa har ya shiga kicin da kansa?"

Na mayar da ita kujera, na dawo na same shi zaune a ƙasan kicin ya jingina da firij, yana shafa ƙeya.

"Ta kira ni," ya ce. "Kin ji ai? Me ya sa ta koma?"

"Yaya, tsakani da Allah, kana yaro ka taɓa durƙusa wa Inna?"

Ya yi tunani. "Ranar da na ƙona katifa."

"Ban da ita fa? Ka taɓa miƙa mata abu da hannu biyu? Ka taɓa ce mata sannu da aiki?"

Ya dube ni, na dube shi. Gaskiyar magana ɗan da Inna ta haifa annoba ne. Shi ne mai fasa kofi ya ce iska ce, mai dawowa daga ƙwallo da riga a yage, mai sa wa kyanwar maƙwabta kwalli. Wannan mutumin kirkin da ya sauka daga jirgi a can ya koyo ladabinsa, ita ba ta taɓa ganinsa ba.

Ya miƙe, ya buɗe firij, ya ɗauki gorar ruwa, ya je tsakiyar falo ya kafa kai yana sha da baki, ya bar ƙofar firij a buɗe.

"Ɓera! Babu kofi a gidan ubanka?"

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin zagi haka ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Daga ranar gidanmu ya zama filin daga. Injiniya guda, mai mata da 'ya'ya har da furfura a gemu, ya tashi da safe babu abin da yake nema sai laifi. Ya shiga falo da takalmi ya taka mata tabarma. Ya bar famfo yana zuba. Ya yi fito a cikin ɗaki. Ya kwanta a kujera ya ɗora ƙafafu a bango. Inna kuwa ƙarfi ya dawo mata, har abinci ta fara ci sosai, don faɗa yana sa yunwa. Tana zaginsa tana haɗawa da tarihi: ranar da ya sayar da bokitinta ya sayi tantabara, ranar da aka ce ya kai ni makaranta ya manta ni a bakin titi. Abubuwan da likita ya ce sun tafi, ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da sunayen mutane da komai, shi kuma yana zaune a ƙasa yana cewa, "Sai kuma me na yi, Inna?"

Da laifuffukan suka fara ƙare masa, sai ya zo wurina neman shawara. Na ce ai ka zo gidan sani, duk abin da ka yi min ina riƙe da shi. Kuskurena ke nan. Washegari ina tsakiyar ɗinki ya zo ta baya ya fizge min ɗankwali ya ruga, allura ta karkace, ɗinkin ya tafi a karkace har gindin riga. Ni kuwa ba wasa nake ba, na ɗauki sandar awo na bi shi da gaske. Muka zagaye tebur, muka fita tsakar gida, Inna tana biye da mu da tsintsiya tana cewa, "Ɓera, sakar mata! Ke kuma Auta baki kamar reza, yayanki ne fa!" Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga ƙato yana haki yana ɓuya bayan tankin ruwa. Ta ce, "Lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, magani muke ba Inna.

Matarsa ma ta kira ta bidiyo daidai lokacin da Inna take murɗe masa kunne a kan ya lashe cokalin madara ya mayar cikin gwangwani. Ya ɗaga wayar da kunne a hannun Inna, yana murmushi har kunnen ɗaya. Matar ta ce ya ba ta ni. Ta tambaye ni a asirce ko ciwon nan ana ɗauka.

Ba kullum abin yake ci ba. Akwai yinin da ya fasa kofi da gangan a gabanta, ta dubi fasassun, ta dube shi, ta ce, "Ba komai, Malam, tsautsayi ne." Ya tsuguna ya tsince su shi kaɗai. Ranar ban tsokane shi ba, na haɗa masa shayi na ajiye masa na koma kan keke.

Haka hutun ya ƙare. Ran tafiya ya fito da sassafe cikin kayansa masu kyau, hula da gilashi da agogo, mai tasi ya riga ya sa akwatuna a but. Inna tana zaune a tabarma tana karyawa, kofin shayi a gabanta, burodi a hannu. Yaya ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa ya kasa gaba ya kasa baya. Na je na same shi.

"Ina so in durƙusa in yi mata sallama," ya ce. "Ina so in nemi gafararta, ta sa min albarka. Ban san ko zan sake..." Bai ƙarasa ba.

"To je ka mana."

"In na durƙusa, Malam za ta sa wa albarka."

Mai tasi ya danna ham a waje.

Yaya ya cire hular ya tura a aljihu, ya cire gilashin ya miƙo min ya ce in kai masa mota. Ya ja numfashi. Sai ya taho da sauri, ya bi ta kan tabarmar da takalminsa, ya sunkuya ya warce burodin daga hannun Inna, ya cusa a baki, ya yi ƙofa.

"Ɓera! Kai Ɓera! Allah ya shirye ka, ɗan nema! Ina kuma za ka tun da safe?"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba. Bakinsa cike da burodi.

"Nan waje, Inna."

"To kar ka yi nisa. Ka tsaya inda in na kira ka za ka ji ni."

"To, Inna."

Na bi shi na miƙa masa gilashin ta tagar mota. Bai iya sa shi ba saboda hawaye. Mai tasi ya dube shi ta madubi, ya ja mota.

Da na dawo, Inna ta ci gaba da shan shayinta tana mita, wai yaron nan zai kashe ta da ciwon kai. Da rana na zuba mana abinci, ta leƙa tukunyar ta ce, "Ina na Ɓera? Zuba masa ki rufe, ki sa masa tsoka biyu. Yanzu za ki gan shi ya shigo da yunwa."

Na ɗauko kwano na zuba, na sa tsoka biyu, na rufe.